Yadda Ake Bin Sawun Furotin a Ƙwayar Halitta

Dabarar George Palade nake koya wa ɗalibaina, ɗan Romaniyan nan da ya ci kyautar Nobel a 1974. Ka yanka fankiriyas (gaɓar ciki mai samar da ruwan narkar da abinci) na ɓeran Masar siriri-siriri. Ka jiƙa shi minti 3 a ruwa mai sinadarin liyusin da ke fitar da radiyeshan, sai ka wanke, ka mayar da shi ruwan liyusin gama-gari. Liyusin ɗaya ne daga cikin tubalan da ƙwaya ke gina furotin da su, don haka furotin ɗin da aka gina a mintunan nan uku zai ɗauki alamar radiyeshan. Kada ka yi sanya wurin wankin nan, in ba haka ba sawun zai cakuɗe. Daga nan ka riƙa tsamo yanka ɗaya bayan ɗaya kana dubawa da madubin ilektiron, na'urar da ke nuna abin da ke cikin ƙwaya. Alamar za ta fara bayyana inda ribosom, masu gina furotin, suka yi cincirindo, ta ratsa Golgi, sashen da ke shirya furotin yana ƙunshe shi, ta taru a ƙunshin da ƙwayar ke fitarwa waje.