Yadda ake ajiye murhun banda nama kar tsatsa ta cinye shi

Yawancin murhun banda da ka ga gindinsa ya huje ba wuta ce ta cinye shi ba, danshi ne, kuma danshin nan toka da maiƙo ne ke riƙe shi a ciki bayan an gama gashi kowa ya ci ya watse an bar murhu a bayan gida. Ni kaina na taɓa asarar guda ɗaya a haka, wata uku na bar shi da toka a ciki, ranar da na zo ɗagawa ƙasan akwatin wutar ya ɓurme a hannuna, kuma wallahi har yau abin na yi min ciwo don murhu ne mai kyau.

Abu na farko, tun yana da ɗumi ka kankare ragar da ake ɗora naman, lokacin kitsen bai daskare ba yana fita cikin sauƙi. Amma ka yi hattara da buroshin waya, silin wayar nan na karyewa ya maƙale a raga ya shiga nama, mutum ya haɗiye sai asibiti. Gara ɗan katako mai faɗi ko ka dunƙule takardar alminiyom ka goge da ita.

Sai toka, kuma nan ne nake so ka tsaya sosai. Kar ka kwashe ta a ranar, garwashi na iya ɓuya a cikin toka da ransa fiye da kwana ɗaya, don haka ka rufe kafofin iska duka ka ba shi awa 48 tukuna, sannan ka kwashe a bokitin ƙarfe mai murfi, ba na roba ba, ba kwali ba. Dalilin da ya sa ba a barinta shi ne toka na zuƙar laimar iska, in ta jiƙe sai ta koma wani abu mai kaifi irin ruwan toka, shi ke cin ƙarfe a hankali ta ciki inda ido ba ya gani. Ka share har lungunan, musamman bakin walda, don nan tsatsa ke fara kamawa. Kuma kada ka tura murhu cikin ɗaki ko gareji da sauran garwashi, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Daga nan ka zubar da ruwan da ke cikin kwanon ruwa in naka mai kwano ne, ka juye tiren da kitse ke ɗiga. Kitsen da ya taru shi ke kiran ɓeraye da kyankyasai, shi ke yin fumfuna, kuma ranar da ka hura wuta mai ƙarfi shi zai kama ya tashi. In ka ɗaga murfi ka ga wani baƙin abu na ɓarewa kamar fenti, ba fenti ba ne, kunkunniyar hayaƙi ce da maiƙo suka yi ƙanzo, ka kankare ta da katako tun kafin ta fara zubowa kan nama ta sa shi ɗaci. Bututun hayaƙin ma a leƙa shi.

To amma fa kar tsafta ta yi yawa. Wasu sai su ɗauko sabulu da soson ƙarfe su wanke cikin tas har ƙarfen ya yi fari, su a ganinsu gyara suka yi, alhali wannan siririn baƙin santsin da ke jikin bangon shi ne rigar da ke kare ƙarfen. Abin da ya yi tudu kawai ake cirewa. Raga da tire za ka iya wankewa da sabulu, ka tabbatar sun bushe ƙayau, sannan ka shafa musu man girki kaɗan da tsumma, kaɗan fa, ba wai har ya riƙa tsiyaya ba. In ka ga tsatsa ta ɗan fito a wani wuri, goge da samfefa har ka tarar da ƙarfe mai kyau, shafa mai, hura wuta ka riƙe zafin wajen digiri 120 zuwa 150 a ma'aunin Celsius na tsawon awa 2 ko 3, man zai kama jikin ƙarfen ya zama sabuwar riga. Ta waje kana iya fesa fenti mai jure zafi, amma ciki ba a yi masa fenti sam.

Wajen ajiya, ka ɗora shi kan siminti ko bulo ƙarƙashin rumfa, ba kan ƙasa ko ciyawa ba. Ka bar kafofin iska a ɗan buɗe, tunda yanzu ba wuta a ciki, iska na ratsawa fumfuna ba za ta samu wurin zama ba. In za ka rufe, nemi mayafi mai barin iska, kuma sai murhun ya huce ya bushe. Mutane na kuskure su naɗe shi da leda ko tamfol su ɗaure har ƙasa, da rana gumi ya taru a ciki, sai ka ga wanda aka lulluɓe ya riga wanda aka bari a fili lalacewa.

Mai amfani da gas ya cire tukunyar ya ajiye ta a tsaye a waje inda iska ke kaɗawa, kuma kafin kunnawa ta gaba ya shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗai, in kumfa ta tashi to akwai yoyo. Gizo-gizo na son yin saƙa cikin bututun gas ɗin, a duba. Na lantarki a zare shi daga soket. Wanda ke cin ƙananan curin garin katako a kwashe su duka daga rumbunsa, don in suka sha laima kumbura suke su toshe injin. Gawayi da itace kuma a ɗaga su daga ƙasa a wuri busasshe.

In ya daɗe a ajiye ka buɗe ka tarar da fumfuna, kar ka fara kankarewa kana shaƙa. Hura wuta mai ƙarfi sama da digiri 200 na kamar awa ɗaya, bar shi ya huce, sannan ka kankare, ka sake shafa mai. Ma'aunin zafin da ke jikin murfi ma ka cire ka tsoma bakinsa a tafasasshen ruwa, ya kamata ya nuna kusan digiri 100, in ya kauce da yawa ka canza shi kafin ka ɗora nama.