Babi na 7: Idan Kwamfuta Ta Fara Tutsu Bayan An Ƙara Mata Gudu

Darasi na 1: Me ya faru?

A babin da ya wuce mun ƙara wa furoseso gudu. Furoseso ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana kwance a ƙarƙashin babbar fanka a cikin akwatin. Wasunku sun dawo suna cewa allo ya yi shuɗi, wasu kuma komai ya sandare, ko linzami ba ya motsi. Ku kwantar da hankalinku, 'yan'uwa. Ba ta lalace ba, an dai ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta ne.

Misalinmu Intel Core i5-2500K ce, wadda ta fito a 2011 da gudun 3.3 GHz. Harafin K ɗin nan na ƙarshe yana nufin ba a kulle ta ba, wato ana iya ƙara mata gudu. A cikin BIOS, wato shafin saite-saiten kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, akwai layin da aka rubuta CPU Ratio. Lambar da ke wurin ana ninka ta sau 100. In kun sa 45, gudu ya zama 4,500 MHz, wato 4.5 GHz.

Darasi na 2: Abu ɗaya, a rubuta, a gwada

Ku ɗauko littafi da biro tun kafin ku taɓa madanni. Ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, ku sami gida huɗu: gudu, wuta, zafi, sakamako.

Ku kunna kwamfuta, ku yi ta danna Delete da sauri har BIOS ta buɗe. A wasu na'urorin F2 ake dannawa. Ku rage lambar CPU Ratio da ɗaya tak, misali daga 46 zuwa 45. Ku rubuta 45 a littafi. Sai ku danna F10, ku danna Enter. F10 shi ke ajiye canjin. Wanda ya fita bai danna shi ba, bai canza komai ba.

Idan Windows ta tashi, ku buɗe HWiNFO don kallon zafi, sannan ku buɗe Prime95, manhajar da ke sa furoseso aiki tuƙuru. Ku bar ta minti 30. Ta jure? Ku rubuta "ta jure". Ta faɗi? Ku rubuta "ta faɗi a minti kaza".

Mu maimaita. Abu ɗaya kawai ake canzawa, a rubuta, a gwada. In kun canza gudu da wuta a lokaci guda kuma ta faɗi, wanne za ku kama da laifi? Mai miya da ta zuba gishiri da kanwa tare ba za ta san wanda ya ɓata mata tukunya ba. Saboda haka ma ku kashe XMP tukuna, wato tsarin da ke ƙara wa RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) sauri, don kada laifin RAM ya faɗa kan furoseso. Kashe shi ma canji ɗaya ne: a rubuta, a gwada.

Na san rubutun yana cin lokaci, musamman ga waɗanda hannunsu bai saba ba. A hankali za ku saba. Amma gaskiya na gaji da jin "Malam, na riƙe a kaina". Ba ku riƙe ba! Duk wanda ya zo mini ba littafi a hannunsa, zai koma ya fara daga farko.

Darasi na 3: Wuta da zafi

Idan kuna son komawa 46, sai an ƙara wuta kaɗan. Layinta a cikin BIOS shi ne Vcore, wato ƙarfin wutar da ke shiga furoseso. Ku ƙara 0.01 kawai, misali daga 1.25 zuwa 1.26. Ku dubi ɗigon da kyau, ku karanta lambar da babbar murya kafin F10: 1.26 daban, 1.62 daban, kuma ta biyun tana iya ƙone furoseso. A ajin nan ba mai wuce 1.35.

Ƙarin wuta yana kawo ƙarin zafi. In HWiNFO ta nuna digiri 85, ku tsayar da gwajin. Ku share ƙurar da ta toshe fanka, ku sake man da ake shafawa tsakanin furoseso da ƙarfen sanyayawa. Gudun da ya zauna lafiya da hunturu yana iya faɗuwa da bazara, don haka ku sake gwaji in zafi ya shigo. Nan ma abu ɗaya, a rubuta, a gwada.

Darasi na 4: In ta ƙi tashi sam

Ku zare wayar wuta daga soket. Ku cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, daga babban allon ciki. Bayan minti biyar ku mayar. BIOS za ta koma yadda take tun asali.

Darasi na 5: Iyaka

Ko furoseso biyu masu suna ɗaya ba sa kaiwa gudu ɗaya. In kun ƙara wuta sau uku ko huɗu ba ta jure ba, ku koma lambar ƙarshe da kuka rubuta "ta jure" a gabanta, ku gwada ta awa shida.

Aikin gida: ku kawo littafinku da gwaji uku a rubuce.