Yadda Ake Ƙawata Ƙaramin Ɗaki Ba Tare Da An Cushe Shi Ba

Da yawa daga cikin masu zaman haya a unguwannin Kano irin su Kurna, Ɗorayi da Rijiyar Lemo ɗaki ɗaya suke da shi, ko kuma ciki da falo, kuma abin da ya fi ɓata irin waɗannan ɗakuna shi ne yawan kaya. Saboda haka aikin yana farawa ne tun kafin a taka kasuwa.

Da farko a ɗauki tef a auna tsawon ɗakin da faɗinsa, a rubuta a takarda. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wanda ake yawan samu a gidajen haya, gado mai ƙafa 6 da 6 kaɗai zai cinye kashi ɗaya cikin huɗu na filinsa, tun ba a shigo da sif da madubi da durowar gefen gado ba. Gado mai faɗin ƙafa huɗu da rabi ya ishi mutum biyu. A auna faɗin ƙofa da na soro ma, musamman a gidajen cikin gari, domin sau da yawa sai an kawo sif bakin gida ake gane ba zai shiga ba, sai an nemo kafinta ya kwance shi.

Mataki na biyu shi ne ware kaya, kuma nan ne wuyar take, musamman ga amarya. 'Yan jere sukan so duk abin da iyaye suka saya ya fito fili, kuloli da kwanuka da kofuna a jere tun daga ƙasa har kusa da silin, don kada dangin miji su ce an yi ƙwauro. Niyyar mai kyau ce, amma wadda za ta zauna a ɗakin ita ce za ta riƙa goge su kullum idan ƙurar hunturu ta sauka. Abin da ya fi dacewa shi ne bayan an watse daga biki a zaɓi saiti ɗaya mafi kyau a bar shi a kanta, sauran a mayar da su kwali, ko a kai ajiya gidan iyaye har a samu wuri mai yalwa.

Daga nan sai fenti. Fari, ruwan madara ko shuɗi mai haske suna mayar da hasken rana cikin ɗaki, shi ya sa yake zama kamar ya ƙara faɗi, launi mai duhu kuwa matse shi yake yi. Idan gindin bango yana tsatsafo da danshi da damina, a gyara shi tukuna, in ba haka ba fentin zai ɓare. Mai haya ya nemi izinin mai gida kafin ya je kasuwar Ƙofar Ruwa sayen fenti.

Wajen jera kaya, a manna gado da kusurwar da ta fi nisa da ƙofa, a bar hanyar wucewa ta aƙalla ƙafa biyu, a kuma ware inda za a shimfiɗa sallaya a fuskanci alƙibla ba tare da an ja kujera ba. Kada a tare taga da sif ko kaɗan, domin daga watan Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma idan aka ɗauke wuta tagar ce kawai mafita. A sa kafinta ya yi wa gado durowa a ƙasa, ya kafa kanta a bango. Saitin kujeru mai ɗaukar mutum bakwai na babban falo ne. A ƙaramin wuri kujera ɗaya mai zaman mutum biyu, da darduma da tumtum biyu na fata daga kasuwar Kurmi, sun fi kyau, kuma baƙi sun fi sakewa.

Labule kuwa, a je Kantin Kwari da awon a hannu, a zaɓi yadi marar nauyi wanda za a iya wankewa a gida. A kafa sandarsa kusa da silin, ya sauko har ƙasa, hakan yana sa bango ya yi kamar ya ƙara tsawo. Kafet mai rufe ɗaki gaba ɗaya ƙura yake tarawa, leda ko tayil sun fi sauƙin gogewa. Madubi a rataye shi a bangon da yake kallon taga.

Adon bango shi ne na ƙarshe, kuma bango ɗaya ya isa. Faifai uku masu launi, ko ƙyallen rini na marinar Ƙofar Mata da aka miƙe a jikin katako, sun fi tarin furannin roba armashi, ga shi kakkaɓe su ba ya ɗaukar lokaci. A sa ƙwan lantarki na LED wanda ba ya ɗumama ɗaki, a tanadi fitila mai caji. Idan za a sa turaren wuta, a ajiye kaskon nesa da labule da gidan sauro, a kuma buɗe taga, domin hayaƙin gawayi yana da haɗari a rufaffen ɗaki.