Shawara ga masu tara kwanson harsashi don narkarwa

Salamu alaikum 'yan uwa maƙera da 'yan gwangwan na Garwa da Marwa. Idan maharba masu lasisi suka kawo muku kwanso da yawa, kada ku yi saurin juye shi a wuta. Ku baza shi a tabarma da rana, ku duba ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda gindinsa bai da alamar bugu, to hular kunna shi, wato ɗan maɓallin da ke gindinsa mai tayar da albarushi, tana da rai, kuma za ta fashe a cikin tukunyar narki. Irin wannan, da harsashin da ba a harba ba, kada a buga, kada a ƙona, a miƙa wa jandarma.

Sai a wuce da maganaɗisu a kai. Abin da ya kama baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa launi, a ware shi. Tagullar kwanso ta gaske kashi 70 jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya, maganaɗisu ba ya ɗaukarta.

Wanki kuwa, ruwan tsamiya da ɗan sabulu ya wadatar, amma kada ya kwana a ciki, tsamin yana cinye tutiyar har kwanson ya yi ja. A ɗauraye, a shanya ya bushe ƙayau, domin ɗigon ruwa a narkakkiyar tagulla yana tartsatsi mai ƙuna. Ƙurar kwanson akwai darma, a nisanta shi daga yara da kwanukan abinci.

Kwanson bindigar soja dai, ni ban ba da shawarar ku karɓa ba ko kyauta ne. Dokar makamai ta Kamaru ta 2016 ba ta wasa.