Yadda ake bi ta kotu a tabbatar da mallakar filin da aka saya

Ka biya kuɗin fili, dillali ya karɓi la'adarsa, mai unguwa ya buga hatimi. Bayan shekara biyu ka je duba wurin sai ka tarar wani ya zuba bulo, ko wanda ya sayar maka ya ƙi sa hannu a takardar sauya suna. Daga nan sai kotu. Amma ka sani tun yanzu, alƙali ba ya raba fili, abin da ka iya tabbatarwa da hujja kawai yake hatimtawa.

Kafin ka ga lauya, tattara abin da ke hannunka: takardar ciniki, rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, sunayen waɗanda aka yi cinikin a gabansu. Sannan ka je ofishin filaye a yi maka bincike, KANGIS idan a Kano kake, AGIS idan a Abuja, don a ga sunan wa ke cikin fayil, ko kuma an jinginar da filin a banki.

Sai safiyo. Kada ka yi rowa a nan. "Daga bishiyar darbejiya zuwa katangar Alhaji" ba iyaka ba ce a gaban alƙali, darbejiya ana sare ta. Mai awo mai lasisi zai fitar da taswira da lambobin turakun iyaka, wadda kotu za ta iya ɗora hukunci a kai.

Wace kotu? Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta raba aikin. Filin da ke ƙarƙashin shaidar mallaka ta gwamna, wato yawancin filayen birni, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke da hurumi a kansa. Gonar ƙauye da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma kuwa, ƙananan kotuna na yanki ma suna iya saurara. Wanda ya kai ƙara inda babu hurumi zai iya shekara uku yana zirga-zirga, a soke komai a rana ɗaya.

Lauya zai roƙi kotu ta ayyana cewa kai ke da haƙƙin filin, ta tilasta wa mai sayarwa cika alkawari idan shi ne ya noƙe, ta kuma dakatar da kowane gini har a gama shari'a. Wannan na ƙarshen a nema da wuri, kafin a kai linta.

Wurin da shari'a ke tashi ko faɗuwa shi ne asalin filin. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 Kotun Ƙoli ta zayyana hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka, ciki har da tarihin gado, takardu ingantattu da daɗewa ana amfani da wurin. Mai saye yakan dogara da takarda, sai lauyan ɗaya ɓangaren ya tambaye shi: wanda ya sayar maka, ina ya samu? Idan ɗaya daga cikin magada ne ya sayar kafin a raba gado, ba da yardar sauran ba, takardarka ta zama ta ƙunshe ƙosai. Ko satifiket ɗin gwamna ba ya wanke ciniki marar tushe, Kotun Ƙoli ta nuna haka a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990. Don haka ka nemo mai sayarwar, ko magadansa, da maƙwabtan filin, su zo su yi shaida. Wani lokaci alƙali da kansa zai je ya gane wa idonsa wurin.

Jinkiri ma yana cinye haƙƙi. Dokokin jihohi sun ba da shekara 10 ko 12 don shigar da ƙarar fili, a fiƙihun Malikiyya kuma akwai hauzi: wanda ya zuba ido bare yana morar filinsa shekara 10 bai ce uffan ba, ba tare da uzuri ba, da wuya a saurare shi.

Idan ka yi nasara, karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu. Wanda aka kayar a Babbar Kotu yana da wata uku na ɗaukaka ƙara. Da kwafin za ka koma ofishin filaye, ka nemi amincewar gwamna da sauyin mallaka, ka biya harajin hatimi da kuɗin rajista, a mayar da fayil ɗin da sunanka. Kafin takardar ta fito, ka zagaye filin da katanga, ko da layi huɗu ne na bulo.