Yadda ake shirya zuwa kallon besbol a Truist Park da ke bayan garin Atlanta

Mutanenmu da ke zuwa Atlanta ziyara ko karatu, idan aka ce musu a je kallon Braves, ƙungiyar besbol ta garin, abin da suke fara tambaya shi ne nawa ne tikiti. Tikiti kuwa shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Abin da na ga yana kayar da sababbin zuwa, har su shiga fili an ci rabin wasa ransu a ɓace, shi ne hanya da wurin fakin. Don haka a nan zan fi daɗewa, sauran kuma mu bi su da sauri.

Ka fara da sanin inda za ka

Sunan ƙungiyar Atlanta Braves, amma filinta ba ya cikin birnin Atlanta. Tun 2017 suka bar tsohon filinsu, Turner Field, da ke kusa da tsakiyar gari suka koma gundumar Cobb, a unguwar Cumberland, kimanin kilomita 16 arewa maso yamma. An buɗe filin da sunan SunTrust Park, aka mayar da shi Truist Park a 2020, kuma yana ɗaukar mutum kusan 41,000. Jirgin ƙasa na MARTA, wanda ke ɗauko ka daga filin jirgin sama ya kai ka tsakiyar gari, ba ya shiga Cobb sam. Mutanen gundumar sun ƙi shi a ƙuri'ar da aka kaɗa tun 1965, har yau kuma haka abin yake. Ke nan dubban mutanen nan kusan duk a mota za su zo, kuma za su haɗu ne a daidai inda manyan hanyoyi biyu, I-75 da I-285, suka gitta juna.

Zaɓen rana da kujera

Kakar wasa tana farawa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ta ƙare ƙarshen Satumba. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162, rabinsu a gida, wato kana da rana 81 da za ka zaɓa a ciki. Babu dalilin gaggawa.

A wurina zuwan farko ranar Talata ko Laraba ake yin sa, a Afrilu, Mayu ko Satumba. Tikiti ya fi araha, jama'a ba su kai na ƙarshen mako ba. Kada ka fara da ranar da manyan ƙungiyoyi irin su Yankees, Dodgers, Mets ko Phillies suka zo, farashi tashi yake yi. Wasan Lahadi da ake farawa wajen 1:35 na rana kuwa, a Yuli ko Agusta, ka bar wa masu ƙarfin hali. Kada ka ce ai ka saba da zafin Sakkwato. Na Jojiya, jihar da Atlanta take, mai gumi ne, iska ba ta motsi, ga kujerar roba ta sha rana tun safe. In dai dole sai wasan rana, nemi layukan baya da rumfa ta rufe. A wasan yamma ɓangaren tushe na farko, wato hannun dama idan kana bayan mai bugu, shi ke fara samun inuwa. Ranar Juma'a da dare ana wasan wuta bayan an tashi, yara na son sa, amma ka san fita za ta yi wuya.

Tikiti a waya yake, cikin manhajar MLB Ballpark. Sauke ta tun a gida, ka shiga, ka ga tikitinka da idonka. Hoton allo ba ya aiki a ƙofa. Idan ku biyar ne, tura wa kowa nasa tun kafin a fito, domin ɗaya zai makara ko ya ɓace, kuma ba ka son tsayuwa a bakin ƙofa kana jiran sa.

Fakin: nan ne ake faɗuwa

Ranar da ka sayi tikiti, a ranar za ka sayi fakin. Kada ka bari sai gobe, kada kuma ka ce in na je can na samu. Truist Park ba shi da makeken fili guda ɗaya da ya kewaye shi kamar yadda mutum zai zata. Wuraren fakin a warwatse suke: wasu benaye ne a cikin The Battery, rukunin shaguna da gidajen abincin da ke manne da filin, wasu na ofisoshi ne da ake aro bayan ma'aikata sun tashi, wasu kuma suna tsallaken babbar hanya, sai ka taka ta gadar masu ƙafa. Kowanne da sunansa ko lambarsa, kowanne da ƙofar shigarsa.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya rubuta Truist Park a taswirar waya ya kama hanya. Taswirar za ta kai shi bakin fili, inda 'yan sanda suka tare wasu tituna, suka mayar da wasu hannu ɗaya, kuma babu mai sauraron bayaninka, hannu kawai za su kaɗa maka ka wuce. Daga nan sai zagaye. In ka yi rashin sa'a ka sake faɗawa I-285, kafin ka samu inda za ka juyo an yi nisa da wasa. Abin da za ka sa a taswira shi ne adireshin wurin fakin da ka saya, wanda ke jikin takardar shaidarka.

Na biyu, ka zaɓi wurin fakin gwargwadon inda za ka fito da inda za ka koma. Mai zuwa daga Marietta ko Kennesaw ya nemi na arewacin fili. Mai zuwa daga cikin gari ko Sandy Springs ya duba na kudu da na gabas, irin na wajen Cobb Galleria, inda gadar masu ƙafa ta haye I-285 ta sauke ka a The Battery. Mutane na rububin wanda ya fi kusa da ƙofa, su biya kuɗi mai yawa, wani lokaci ma fiye da kuɗin tikitin kujerun sama, sannan bayan wasa su kwashe lokaci a hawa na huɗu na bene suna jiran layi ya motsa. Ni na fi son na nesa: tafiyar minti 10 zuwa 15 a ƙafa, kuɗi kaɗan, kuma hancin motarka na kallon hanyar gida. Sai dai in da tsoho ko mai lalurar ƙafa a tafiyar, wannan kam a biya na kusa, ko a sauke shi tukuna.

Na uku, dabarar ajiye mota a gaban wani kanti ko gidan abinci a sulale, ka manta da ita. Masu wuraren sun san ranar wasa sarai, janwe na nan yana jira, kuma kuɗin karɓo mota ya ninka na fakin sau da yawa. Araha ba ta ado.

Sai lokaci. Wasan ranakun aiki ana fara shi wajen 7:15 na yamma, wato za ka hau hanya daidai lokacin da ma'aikata ke komawa gidajensu a arewacin gari, kuma hanyarku ɗaya. Tafiyar da ba ta wuce minti 20 da hantsi tana iya cin awa guda. Ka yi niyyar kashe mota da ƙarfe 5:30. Za ka ga kamar ya yi wuri, amma The Battery na da wurin zama da abinci, ga kiɗa a dandalin da ke gaban ƙofa, lokacin zai wuce ba ka sani ba. Kafin ka bar motar, ɗauki hoton lambar hawa da ta layi.

Wanda ba shi da mota yana da zaɓi biyu. Akwai Uber da Lyft, suna da wurin saukewa da ɗauka na musamman. Zuwa ba laifi, dawowa ce farashin ke haukacewa, don haka ka zauna ka sha wani abu na rabin awa har ya sauko. Akwai kuma bas: lamba 12 ta MARTA daga tashar Midtown, ko lamba 10 ta CobbLinc daga tashar Arts Center, duka suna zuwa Cumberland, sai ka ƙarasa da ƙafa. Ita ce mafi araha, amma ka duba lokacin bas ta ƙarshe tun kafin ka fito, musamman ranar Lahadi.

Abin da za ka riƙa a hannu

Jakar goyo da manyan jakunkunan mata ba sa shiga. Ƙaramar jakar hannu da ba ta wuce inci 5 da 9 ba ita ake bari, sai ta kayan jariri da ta magani. A gaya wa uwargida tun a gida, domin komawa mota daga bakin ƙofa, bayan wannan doguwar tafiya, shi ke fara ɓata yini. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki, kati ne ko waya. Tikiti, fakin, taswira da biyan kuɗi duk a waya suke, saboda haka ta fito da cikakken caji.

Ga abin da da yawa ba su sani ba: an yarda ka shiga da abincinka, muddin yana cikin farar leda mai nuna ciki, girman galan ɗaya, leda guda ga kowane tikiti, da robar ruwa guda da ba a buɗe ba. Wannan ya raba ka da tsadar abincin ciki, ya kuma raba ka da tambayar ko naman da ke cikin burodin nan na alade ne. Soyayyar kaza ko dambun nama da burodi sun wadatar. Ƙa'idojin nan sukan ɗan sauya daga kaka zuwa kaka, ka leƙa shafin ƙungiyar ana gobe za ka.

Batun salla kuma, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Atlanta sai kusan ƙarfe 9, magariba za ta same ka a tsakiyar wasa. Ka shigo da alwalarka, kuma ka ɗauka cewa in ka fita daga ƙofa ba a komawa da tikiti ɗaya.

A cikin fili

In ka shiga da wuri, wuce Monument Garden da ke bayan gidan bugu, wato wurin tsayawar mai bugu, inda mutum-mutumin Hank Aaron yake, mai bugun da ya ci maki ta hanyar cilla ƙwallo ta haye katangar fili, wato home run, sau 755. Ƙungiyar ta zo Atlanta daga Milwaukee a 1966, ta ci kofin World Series, wato na zakarun kaka, a 1995 da 2021, duk za ka ga kayan tarihin a wurin.

Wasa zagaye 9 ne. Tun da aka sa wa mai jifa agogo a 2023 ba ya kai awa 3 a galibi, don haka wanda ya makara da awa ɗaya ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kada ka tashi ko ka ratsa layi ana tsakiyar bugu, jira a sauya mai bugu. Idonka a kan ƙwallo in kana kusa da fili, tana da tauri. A tsakiyar zagaye na 7 kowa zai miƙe a yi waƙa, kai ma ka miƙe.

Filin ba shi da rufi, kuma hadarin yamma a bazarar Jojiya ba ya sallama. In an dakatar da wasa saboda ruwa, kada ka ruga gida, sau da yawa ana rufe fili da tamfol a jira a ci gaba. In an ɗage shi gaba ɗaya, tikitinka na nan da amfani a ranar da aka sake sawa.

Fita kuwa biyu ce: ko ka tashi a ƙarshen zagaye na 8 in an riga an san mai nasara, ko ka zauna har cunkoson ya lafa. In kun zo da yara kuma gobe akwai makaranta, ku tashi a na 8.