Yadda Za Ka Zaga Hanyar Shaƙatawa Ta Bakin Kogi, A Ƙafa Ko A Keke

1. Kafin ka fita, duba taswira a wayarka ka ga inda gadoji suke. Ta gada za ka tsallaka ka dawo ta ɗaya gefen.

2. Idan an kwana ana ruwa, haƙura sai gobe. Irin waɗannan hanyoyi a kwari suke, kogi na cika sai ya hau kansu ya bar laka mai santsi, musamman a ƙarƙashin gada inda rana ba ta kaiwa.

3. Mai keke ya danna tayoyi da babban yatsa, ya gwada birki gaba da baya. Kada a manta ruwan sha.

4. Fara da fuskantar iska, don ta turo ka a dawowa lokacin da ƙafa ta gaji. Kilomita 5 kan ci kusan awa ɗaya a ƙafa, a keke kuwa minti 20.

5. Mai tafiya a ƙafa ake ba hanya. Kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ka rage gudu kusa da yara, don yaro ba ya sallama kafin ya gifta.

6. Juyo tun da sauran haske, ba ko'ina ke da fitila ba.